Ɗaukar hoton dorina a kogi sa'ad da haske ke sauyawa: tambayoyi da amsoshi

Mu a nan Maradi, dorinar da yaro ke fara sani ita ce wadda ke hannun dogarin sarki. Sai ya yi wayo yake jin cewa daga fatar wata dabba aka yanko bulalar, dabbar da ke wuni cikin ruwa, wadda ta ɗara bijimai uku nauyi. Sana'ata hoto ce: biki, suna, hawan salla, kokowa. Dorina kuwa ƙauna ce ta kai ni wurinta, kuma ban taɓa ɗaukar abin da ya gwada mini sanin haske kamarta ba. Tun da na fara nuna hotunan, matasa masu koyon aiki suke ta yi mini tambayoyi. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Malam, a ina ake ganin dorina? Akwai ta a tafkin Madarunfa?

Babu. Gulbin Maradi ƙafewa yake yi da rani, dorina kuwa tana son ruwan da ba ya yankewa da ciyawa mai yawa a kusa. Tafkin Madarunfa na kifi ne da tsuntsaye. Dorinan ƙasarmu suna kogin Isa, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira Kwara: wajen Ayoru kusa da iyakar Mali, wajen Bubon da ke kusa da Yamai, sai gandun dajin W, da can ƙasa wajen Gaya. Daga Maradi zuwa Yamai tafiyar kilomita 660 ce ko kusa da haka, ta Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. A 2017 gwamnati ta keɓe wa dorinai wani yanki na kogin a jihar Tilaberi domin kare su.

A Najeriya akwai su a madatsar ruwan Dadin Kowa ta jihar Gombe, da ta Kiri a Adamawa, da wajen Yawuri.

Sai dai maganar tsaro tana gaba da komai. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi, har da Ayoru, kuma dajin W ma ba wurin yawon buɗe ido ba ne a ƴan shekarun nan. Kafin ka sayi tikitin mota, tambayi ma'aikatan gandun daji da mutanen garin da za ka sauka. In sun ce kada ka zo, to ka zauna. Kada kuma ka ɗaga kyamara kusa da gada ko shingen jami'an tsaro.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Ya danganta da abin da kake so, domin kogin a Yamai sau biyu yake cika. Akwai cikar damina a Agusta da Satumba, wadda ake kira jan ruwa, saboda rafuka irin su Sirba da Dargol da Gorowal suna kwararo jar ƙasa. Akwai kuma cikar da ke tahowa daga tsaunukan Gini, tana isowa wajen Disamba da Janairu, ruwanta ya fi duhu. Wannan bambancin launi yana shiga hotonka kai tsaye: jan ruwa yana haska ƙasan haɓar dorina da ja-ja, baƙin ruwa kuwa yana zama kamar madubi ya ɗauko launin sama.

In jikin dorina kake son gani, ba kunne da hanci kawai ba, ka bari sai ruwa ya ja baya, daga Maris zuwa Yuni. Lokacin tudun rairayi ke fitowa, garke ya taru wuri guda. Amma a lokacin ne suke matse, kuma dabbar da ke matse ta fi saurin fushi.

A yini fa, da safe ko da yamma?

Nan ne maganar take. Maradi da Yamai kusan layi guda suke a taswira, digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka hasken da ka sani a gida shi za ka tarar a can, sai dai rana tana makara da kamar minti 20 wajen fitowa da faɗuwa, tun da Yamai tana yamma da mu. A irin wurinmu rana ba ta jan ƙafa, miƙewa take yi sama kusan a tsaye, digiri 15 a awa guda. Tsakanin wayewar gari sosai da ɓullowarta minti 20 ne da ƴan kai. Jan hasken nan mai taushi da kowa ke so ba ya wuce minti 30 zuwa 45. Kafin hantsi ya dubi ludayi, ya tafi.

Don haka ni ina sallar asuba a bakin kogi, kyamara a saite tun dare. A cikin awa ta farko haske yana ninkawa sau da yawa, har saitin da ya yi daidai yanzu ya ƙone hoto bayan minti biyar. Wanda ya zo yana laluben maɓalli a lokacin, ya riga ya makara.

Safiya ta fi mini don wani dalili kuma. Dorina da dare take kiwo, tana iya cin ciyawa kilo 40 kafin gari ya waye, sannan ta dawo ruwa. Da sassafe garken bai lafa ba tukuna: ana huci, ana ture-ture, uwa tana neman wurin da za ta ajiye ɗanta. Da sanyin hunturu har tururi kake gani yana tashi daga hancinsu.

La'asar sakaliya ma tana da kyau, launinta ya fi na safe ja saboda ƙurar yini. Amma haske raguwa yake yi maimakon ƙaruwa, kuma lokacin ne suke shirin fitowa tudu. In ka ga wata hanya a gaɓa, ciyawa a tattake, sawu mai yatsu huɗu, kashi a warwatse jikin ganye, hanyarsu ce. Kada almuru ya same ka a kanta.

Me ya sa dorinar take fita baƙa ƙirin, ruwan kuma fari fat?

Domin kyamara ba ta san dorina ba. Ma'aunin haskenta an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici. In ruwa mai ƙyalli ya cika mafi yawan hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, dorinar da ke tsakiya ta koma dunƙulen gawayi. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-, na ƙara haske ko rage shi. Ka ƙara +2/3, wani lokaci har +1, ka duba.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi ɓarna. In dorina tana ƙarƙashin inuwar gaɓa ko gaban baƙin ruwa, rana ta bugi jiƙaƙƙen bayanta, kyamara za ta ƙara haske don duhun da ke kewaye, ƙyallin fatar ya ƙone fari babu komai a ciki. A nan ragewa za ka yi, -1/3 ko -2/3. Duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, wurin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan.

Abin da ya sa take da wuya shi ne fatarta ba launi ɗaya ba ce cikin minti guda. Ta ɓullo daga ruwa tana sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa. Bayan ɗan lokaci ta bushe ta koma toka-toka marar ƙyalli. Gefen ido da kunne da kumatu kuma ja-ja ne mai haske. Ka tsaya ka dubi ɗaya da kyau ta cikin gilashin kyamara: za ka ga layin ruwa yana gangarowa daga kunne, ta kaɗa kunnuwan biyu firr, ɗigon ya watsu, sannan busasshen wuri ya fara faɗi daga tsakiyar goshi. Duk wannan yana canza abin da ma'auni ke karantawa.

Kada ka yarda da allon bayan kyamara a cikin rana, ƙarya yake yi maka. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa, ka kuma koyi karanta zanen tudun nan da ake kira histogiram. In tudun ya jingina da bangon dama, ka rage.

To wane saiti kake amfani da shi?

Ina sa kyamara a M, wato saitin hannu, in zaɓi saurin ƙiftawa da ƙofar haske da kaina, in bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a otomatik. Ta haka abin da ke sauyawa da haske abu ɗaya ne, hannuna kuma yana kan +/- kawai.

In suna kwance, saurin ƙiftawa 1/500 na daƙiƙa ya isa daga tudu. Daga kwale-kwale ba na sauka ƙasa da 1/1000, domin ko kai ka natsu, ruwa bai natsu ba. In faɗa ya kaure ko ina son ɗigon feshin hanci ya tsaya cak, 1/2000. Ƙofar haske f/5.6 da asuba, f/8 in rana ta fito, saboda kan dorina dogo ne, in ka saita ido da ƙofa a wangale hanci zai yi dishi-dishi. Kullum a kan ido ake saiti.

Kada ISO ya ba ka tsoro. Da asuba yana kaiwa 3200 ko 6400, hoton ya yi ɗan yashi-yashi. Yashi ana rage shi, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani. In rana ta take sosai, ga abin da za ka riƙe a ka: f/8 da ISO 400 suna tafiya da 1/1600. In kyamara ta ba ka abin da ya yi nesa da wannan, wani abu ya ruɗe ta.

Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara a kwamfuta, in kyamararka tana yi.

Da damina gajimare yana shiga yana fita. Yaya ake yi?

Gajimare mai kauri yana iya cinye kashi uku cikin huɗu na hasken, ko fiye, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. ISO na otomatik zai bi wannan. Abin da ba zai bi ba shi ne launi. In ka bar daidaita fari, wato saitin launin haske, a otomatik, hoto goma a jere za su fito launi goma. Ni ina kafe shi a 5500 K, in gari ya lulluɓe gaba ɗaya in kai shi 6500.

Ni dai ina murna da gajimare. Yana kashe ƙyallin fata, tabon faɗa da ke bayan manyan maza ya fito layi-layi, har gashin baki ka ƙirga. Hoto mafi kyau kuma yana zuwa ne in hadari ya haɗu baƙi a gabas da la'asar, rana ta leƙo ta ƙarƙashi daga yamma. Amma wannan daga tudu ake ɗaukarsa. Iskar gaban hadari ba ta wasa da kwale-kwale.

Hazon hunturu ba ya ɓata hoto?

Yana rage kaifi, musamman daga nesa, domin duk ƙurar da ke tsakaninku tana shiga hoton. Ran da buji ya yi kauri har ka kalli rana kamar faranti, kada ka wahalar da kanka neman gashin baki. Ka ja zum baya, ka ɗauki garken da kogin da masunci a can nesa, launi ɗaya mai laushi. Hazo mai sauƙi kuwa alheri ne, yana tsawaita hasken safe har zuwa hantsi. Ƙara +1/3, don kyamara takan mayar da hazo duhu-duhu.

Kada ka canza gilashi a waje ranar ƙura. Ka rufe kyamara da rawani ko tsohon zane, kuma ka hure ƙura kafin ka goge, in ba haka ba kai da kanka za ka karce gilashin.

Da tsakar rana sai a nade kaya?

Kusan haka. A ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana tana bi ta tsakar kanmu daidai, ido ya faɗa cikin inuwa, ga zafi yana sa iskar saman ruwa rawa, komai tsadar gilashinka hoton nesa ba zai yi kaifi ba. Abu biyu ke sa in zauna: balbela ko carki a bayan dorina, da kuma jan ruwan nan da fatarta ke fitarwa in ta daɗe a tudu. Mutane suna cewa gumin jini take yi. Ba jini ba ne, wani maiƙo ne da ke fita ba launi, ya koma ja, daga baya ya yi ƙasa-ƙasa, yana kare ta daga rana da ƙwayoyin cuta. Rana mai ƙarfi ce ke nuna shi.

Rana ta kasance a bayana ko a gabana?

Wajen Yamai kogin daga arewa maso yamma yake gangarowa zuwa kudu maso gabas. In kana gaɓar da birnin yake, da safe rana tana wajen bayanka, launi ya fito cikakke. Da yamma tana gabanka. In ka haye Harobanda, unguwar da ke ɗaya gaɓar, abin ya juya. Don haka tun dare ake yanke shawarar gefen da za a tsaya.

Rana a baya ta fi sauƙi, amma ni hasken gefe na fi so, shi ke fitar da tudun ido da lanƙwasar wuya. Rana a gaba kuma ita ke ba da hoton da ake tsayawa a kalla: dorina baƙa, feshin hancinta ya kama wuta kamar zinariya. In haka kake so, ka auna hasken a kan ruwa, ka rage -1, ka bar ta ta yi baƙin. Babbar dorina takan yi minti uku zuwa biyar a ƙasa. Ka lura da inda ta nutse, ka riƙe saiti a wurin, ka jira da ido biyu a buɗe, domin feshin a daƙiƙar farko yake fita. Kada ka kalli rana kai tsaye ta cikin dogon gilashi.

In duhu ya yi, a kunna filashi ko tocila?

A'a. Haske in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ke isa. Filashin da ke haska amarya a mita uku ba abin da zai yi a mita 50. In kuwa ka matsa har ya yi aiki, ka shiga inda bai kamata ba, ga ka firgita dabba a lokacin fitarta kiwo.

Yaya, gilashina gajere ne. In na ce mai jirgi ya ɗan matsa fa?

Wannan tambaya ta fi duk sauran damuna, don ni ma na taɓa yin ta. Wata safiya hazo ya hana ni kaifi, na ce wa dattijon da ke tuƙa ni, "Baba, a ɗan ƙara matsawa." Bai ko dube ni ba. Ya nuna da haɓa wajen wata da ta ware daga garke, ya ce, "Ɗana, waccan ba ita kaɗai ba ce." Na duba ta gilashi, sai ga ƴan kunnuwa biyu ƙanana a jikin wuyanta. Ya juya jirgin a hankali muka bi gaɓa, bai bari filafili ya bugi katako ba ko sau ɗaya. Sai da muka yi nisa na lura hannuna yana rawa.

Namijin dorina yana kai kilo 1,500, manya su ninka haka. A tudu tana gudun kilomita 30 a awa, wato mita 50 cikin daƙiƙa shida. A ruwa ba iyo take yi ba, ƙasa take takawa, shi ya sa ba ka ganin tahowarta. A Nuwamba 2014 dorina ta kifar da kwale-kwale wajen Libore kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, kusan dukkansu ƴan makaranta. Allah Ya jiƙansu.

Matsawa ba ta gyara haske. Lokaci da gefen da ka tsaya su ke gyara shi. Girma kuma aikin gilashi ne: na milimita 400 a kan ƙaramar kyamara irin wadda yawancinmu ke riƙe da ita, a mita 50 faɗin abin da yake ɗauka bai kai mita uku ba, kan dorina ya fito sarai. A mita 100 gaba ɗayanta ta shiga hoto. Ni ba na yarda da ƙasa da mita 50, in akwai ɗa kuwa 100. Ka sa rigar ruwa, ka zauna, kada ka miƙe a jirgi. A tudu kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa. Maganar mai jirgi ita ce ta ƙarshe.

Yaya ake samun hoton hamma?

Ba hammar barci ba ce, gargaɗi ne. Bakin yana buɗewa har digiri 150, haure na kaiwa rabin mita. Yawanci junansu suke yi wa, kuma sun fi yi da yamma. Kafin ta yi za ka ga ta ɗaga kai, leɓe ya fara motsi. Cikin bakin ja-ja ne mai haske, haure fari, don haka ka rage -1/3 tun kafin, ka danna a jere. In kai take fuskanta tana yi, ajiye kyamara ku bar wurin. Wanda ke bugun jirgi ko jifa don ta buɗe baki, kada ka sake shiga jirginsa.

Da salula za a iya?

Za a iya ɗaukar kogi da garke da faɗuwar rana, kuma yana kyau. Taɓa allon a kan ruwa, ja alamar rana ƙasa kaɗan. Zum na yatsa yanke hoto kawai yake yi. Haɗarin salula shi ne tana sa mutum kwaɗayin matsawa.

Filta mai kashe ƙyalli, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashi, tana da amfani?

Daga gaɓa mai tudu, rana a gefe, tana yi. Daga kwale-kwale inda kake daf da ruwa amfaninta kaɗan ne, ga ta cinye fiye da rabin hasken. Da asuba cire ta.

Tun da babu dorina a nan, yaya zan koya kafin in tafi?

Je ka Madarunfa bayan asuba, lokacin da ake kawo shanu shan ruwa. Nemi baƙin sa wanda ya shiga har ƙirji. Baƙar fata a jiƙe, ruwa mai ƙyalli, rana tana hawa: matsalar dorina ke nan gaba ɗaya. Ɗauke shi rana a baya, zagaya ka ɗauke shi rana a gefe, sannan a gaba, kana kallon abin da +/- ke yi. In babu sa, kifa tsohuwar tukunyar ƙasa a bakin ruwa ka jiƙa ta. Yi haka sau goma, har yatsanka ya san maɓallin ba tare da ka duba ba. Ɗinka ƴar jaka ka cika ta da wake tiya guda, ita za ka ɗora gilashi a kai a gefen jirgi, domin maɗorin kyamara mai ƙafa uku ba ya aiki a ruwa. In ka isa Yamai, gidan tarihi na Bubu Hama yana da dorinai, ka wuni guda kana nazarin fatarsu kafin ka sauka kogi.

Mutanen bakin kogi suna maraba da masu hoto?

In ka zo da ladabi. Ka tuna abin da kai kake sha'awa, shi ne ya cinye wa wani shinkafarsa a dare ɗaya, ya yaga wa wani taru, yake kuma takarar ciyawar burgu da shanunsu. Kada ka zo kana yabon dorina a gaban manomin da ta yi wa ɓarna, ka fara yi masa jaje. Gai da mai gari, ku yi ciniki da mai jirgi tun a tudu, ka biya shi ko an ga dorina ko ba a gani ba, don kada ya kai ka kusa saboda kuɗinsa. Nemi izini kafin ka ɗauki mutum, mata masu wanki kuwa ka kau da kyamara. In Allah Ya sa ka koma, wanko hoton mai jirgin a babbar takarda ka kai masa.